Allon da Damina ta Karanta

Ni na riga kowa ganin ranar da bakin alƙalin waƙoƙi ya mutu, ni da na ga fara, na ga yunwa, na binne sa'o'ina kaf.

Bai san alif ba, amma kunnenshi ne ma'aunin kasuwar Tamaske. A karanta mishi waƙa, in ya gyaɗa kai malamai su kwafe ta, in ya yi tsaki ta mutu nan take.

Shekarar da yaƙin Turawa ya ɓatar da takarda, ƙanenshi ya zo da waƙar da ya tsara da kanshi, rubuce a allo.

"Yaya, baiti uku kawai za ka ji."

"Wane malami ya tsaya maka? Waƙa a allo! Tafi, sai ta hau takarda."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Kafin shuka aka tafi da ƙanen aikin tilas, can ya cika.

Da labari ya iso, alƙalin ya ruga ɗakin tsohuwarsu, mai karanta mishi waƙoƙi na biye. Allon na jingine inda rufi ke yoyo. Damina ta riga shi: tawada ta gangare ƙasa, itace fes.

"Karanta, malam."

"In karanta me?"

Tun ranar, duk wanda ya kawo rubutun hannunshi, ba ubangida, sai ya shimfiɗa mishi tabarma, ya saurara har baitin ƙarshe, kai a sunkuye.

Mai musu ya tafi ran kasuwa, ya tambaye shi abin da ke rubuce a allon da yake rungume da shi, in ya isa.