Wa Ke Shanye Mini Caji?

"Yau ma wayar taki ba ta cika ba?" in ji Baba, yana shafa tsohuwar a-kori-kurarsa.

Waya yake kiran motata mai lantarki. Tun da na sayo ta nake shan tsiya a gidanmu, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Sai dai kullum na dawo aiki na jona ta na ɗan kishingiɗa, in tashi in tarar cajin ya ragu. Makanike ya ce lafiyarta ƙalau. Mama ta ce in sayar tun tana da daraja. Na ce gara in riƙa tura ta da hannu.

Rannan na ƙi barci, na laɓe a taga. Sai ga Baba, mai ciwon sukarin da Mama ke gadi kamar fursuna, da makullina a hannu. Ya cire motar daga caji, ya sulale da ita.

Da ya dawo na tare shi a ƙofa, ledar alewa a cinyarsa.

"Rufa min asiri, 'yar nan. Tawa ina tayarwa mamanki ta ji."

"To Baba, waya ce ko mota?"

Ya haɗiye alewar bakinsa. "Mota ce."