Ƙafar Ciyaman a Kaskon Magini

Tunda maganar tawali'u ta taso, gyara zama ka ji yadda wani ya ƙare da nasa na aro.

A wani zamani an yi wani Paparoma da ya hau kujera ya ce shi ba ya son alfarma. Tsohon takalminsa yake sawa, gari na wayewa a durƙushe yake samunsa yana addu'a. Ranar Alhamis Mai Tsarki kuwa, da ake wanke ƙafafun mutum goma sha biyu kamar yadda Almasihu ya yi wa manzanninsa, sai ya tsallake manya ya je ya wanke na fursunoni. Iskar nan ta kaɗa har ta iso wani ƙauye, inda sabon bishop ya aiko cewa bana a cocinsu zai yi wankin, kuma a zaɓo masa waɗanda ƙafarsu ta san ƙasa. Katikis, mai koyar da addini a cocin, ya jera manoma da masu haƙar rijiya, ya sa sunan wani tsoho maginin tukwane. Shekara talatin tsohon nan shi ke gina kaskon da ake wankin a ciki, bai taɓa tsoma ko ɗan yatsa ba. Tun Talata ya wanke rigarsa, ya ninke ta ya sa ƙarƙashin tabarma don ta miƙe.

To, akwai Ciyaman na kwamitin coci. Shekara goma sha ɗaya shi ke zama a bakin benci, ƙafarsa ake fara wankewa. Kowace shekara tun Litinin yake jiƙa ta a ruwan ɗumi, a goge da dutse, a shafe da man kaɗanya. Bana babu sunansa. Gani yake in aka yi wankin nan ba shi, kafin Ista har kajin gari sun san an sauke shi. Sai da hantsin Alhamis ya nufi gidan magini, ya gaishe shi har da rusunawa, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, gwiwar nan taka ba ta iya zaman benci. Ara mini rigarka in wakilce ka, ladan duk naka ne."

"Ranka ya daɗe, ai ita ke nan gare ni."

"Shi ya sa za ka huta a gida."

Wa zai ce a'a ga mutumin da ya yi wa coci rufin kwano? Tsoho ya ɗaga tabarma ya miƙa riga. Ciyaman ya tuɓe takalmi, ya shiga ramin yumɓu ya tattaka har idon sawu. Dubi rashin ta-ido! Mutum ya cinye tsoka, ya shanye romo, ya dawo yana ƙwace ƙashi a hannun wanda bai ci komai ba. Girma bai ishe shi ba, sai ya haɗa da talaucin talaka.

Da yamma ya ɓoye motarsa bayan coci, ya lallaɓa ya zauna tsakanin manoma. Rigar ta kama shi a tumbi, ta tsaya masa a cinya. Ya karkace wuya, yana sakin nishi irin na wanda duniya ta tauna. Kowa ya gane shi, amma ba mai bakin magana. Bishop ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa, ya bi ƙafafu ɗaya bayan ɗaya yana wankewa yana sharewa, har ya iso kan Ciyaman. Ya zuba ruwa, yumɓu ya zube, sai ga ƙafa sumul kamar ta amarya, farce a yanke, ga shatin safa ya zagaye ƙauri. Abin da Ciyaman bai sani ba, uwar bishop maginiya ce. A gabansa ta tsufa tana taka yumɓu, ya san irin fason da ƙwayar gero ke ɓuya a ciki. Ya riƙe ƙafar nan ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗaga kai.

"Ɗan'uwa, ina mai rigar?"

"Ranka ya daɗe, gwiwa ce ta hana shi fitowa."

"To ai mu tamu lafiya lau take."

Ya miƙe ya ɗora kaskon a kai yadda matan garinsu ke yi, katikis ya ɗauki tulu, jama'a suka ɗunguma a baya. Ciyaman ya zabura zai bi, taku uku ya yi a kan tsakuwa ya dawo yana ɗingishi, don ƙafar ba ta san ƙasa ba. Sauran labarin a bakin mata ya ji shi, suna wucewa ta taga: wai an samu tsoho a kan turmi, yafe da zanen matarsa, wai bishop ya durƙusa a cikin ƙura ya wanke masa duka biyun, wai abin da tsoho ya iya faɗa kawai shi ne, "Kaskon dai bai yi yoyo ba ko?"

Shi kuwa gogan yana nan kan benci shi kaɗai, yana jan riga ƙasa tana komawa sama. Ƙafa ɗaya wankakkiya, ɗayar yumɓu ya bushe a kanta yana tsattsagewa, iyakar fason da ya taɓa yi ke nan a duniya.

Ai Hausawa sun riga sun faɗa: kayan aro ba ya rufe katara.