Shekarar da Kasuwa Ta Ƙone

Tun da aka daina ciniki da baki a kasuwar hatsin garinsu, na'ura ce ke saye da sayarwa, tana duba farashin shekaru arba'in da suka wuce. Ran Laraba da hantsi ta sanar cewa da azahar za ta sayar da duk waken ƙungiyar mata. Wai bana ta yi kama da wata shekara can baya da wake ya faɗi warwas.

Inna Barmani, shugabar ƙungiyar, ta yafa mayafi ta nufi ofis.

"Ɗana, wace shekara take nufi?" ta tambayi Nafi'u, mai kula da na'urar.

Ya faɗa mata.

"A shekarar na haifi tagwaye. Kasuwa ta ƙone ƙurmus, wata uku ko tiya ɗaya ba a auna ba. Ina ta samo farashi?"

"Inna, ai a rubuce yake."

"To buɗe ka karanta min."

Ya karanta na Litinin, ya karanta na Talata, sai muryarsa ta yi ƙasa. Kwana casa'in cur farashi ɗaya. Ashe wani ne ya cike gurbin da ka. Ana saura minti bakwai ya dakatar da cinikin, matan da ke bakin ƙofa suka rangaɗa guɗa.

Nafi'u ya jawo mata kujerarsa. "Inna, don Allah zauna. Wace shekara kuma kika tuna?"

Ta zauna, ta gyara zani. "Aika a kira Tasalla da Malam Gambo. Mu uku muka rage."