Ranƙwashin Malamin Lissafi

Bugu na uku ne ya karya muƙamuƙin malamin lissafi. Mai walda bai tsaya ba. Ya ja shi a ƙasa tun daga gaban allo har bakin ƙofa yana zabga masa guntun rodi, yara na ihu suna tsallake tagogi. Sai da maza huɗu suka taru kafin suka ɓamɓare shi.

Ga dalilinsa. Ranar Litinin malamin ya yi wa Auta, 'yar mai waldan mai shekara takwas, ranƙwashi a ka don ta kasa lissafi. Ranar Laraba tana barcin rana sai gefen bakinta ya karkace ya hau rawa, miyau na zuba, magana ta ƙi fita. Uwarta ta fasa kuka ta rarumo cokali. Inna, mahaifiyar mai walda, ta ture cokalin, ta kwantar da yarinyar ta gefe, ta ce yanzu zai wuce. Ya kuwa wuce.

Shi mai walda ba ya tambaya sau biyu. Ya haɗa Litinin da Laraba, ya ɗauki rodi. Inna ta riƙe masa riga a ƙofa tana cewa ya tsaya ya ji, ya fizge har ta faɗi.

Da aka ba da belinsa, lauya bai ɓoye masa ba: in hoton ƙwaƙwalwar Auta ya nuna rauni, alƙali na iya sassautawa. In bai nuna ba, gidan yari ne. Haka a asibiti aka tura Auta cikin na'urar nan mai kama da bututu, tana ta ƙara kamar ana dukan ƙarfe, uban kuwa na waje yana fatan a ga ciwo a kan 'yarsa. Abin kunya ne, amma abin da yake fata ke nan.

Likita ya juyo musu da fuskar kwamfuta yana murmushi.

"Ku gode wa Allah, hoton tas yake. Ba tabo, ba jini, ba ƙari. Wayoyin da muka manna mata a ka sun nuna farfaɗiya ce irin ta yara, mai sauƙi. Tana girma za ta bar ta."

"Ranƙwashin fa?"

"Ba ruwan ranƙwashi. Sau da yawa ma gado ne."

Mai walda ya miƙe ya sa ƙafa ya ture teburin, kwamfutar ta tarwatse a ƙasa. Ya shaƙo likita ya haɗa shi da bango, tabarau ya yi gefe, jini ya ɓalle masa a hanci.

"Ƙarya kake, kun haɗa baki da shi! Kaf danginmu ba mai wannan ciwon. Sake dubawa!"

Auta ta shige bayan uwarta. Idanun likita sun fara juyawa. Inna ce ta taso da ƙyar, ta dafa hannun ɗanta.

"Sake bawan Allah. Kai ma haka bakinka ya riƙa yi har ka shekara goma sha huɗu, ni ce duk safiya nake ce maka mafarki ka yi."