Farcen Kaka a Gindin Rumbu

Da la'asar ne a Ketare, Baba yana yanke wa kakanmu farce da reza a gindin rumbu. Tsufa ya riga ya rikita tsohon, sai tambayar Baba yake yi, "Ɗan gidan wa ne kai?" Baba yana amsawa kamar yanzu ya fara jin tambayar. Na tuntsire da dariya.

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "A tsofaffin littattafan Bani Isra'ila an ce, in hankalin uba ya gushe, kada ɗa ya raina shi."

Da ɗan karatuna na Islamiyya na ce, "Baba, malaminmu ya ce irin waɗannan ba a gaskata su, ba a ƙaryata su."

"Haka ne," in ji shi, yana kakkaɓe farcen daga cinyarsa. "Ka dai ajiye ta."

Yanzu Baba ne ke zama a gindin rumbun. Jiya ƙanwata ta kira ni daga gida, ta miƙa masa wayar, ya ce, "Wane ne?" Na faɗa masa. Ya sake tambaya. Na ce ina cikin aiki, zan kira anjima.

Har yanzu ban kira ba.