Haƙarƙarin Baba

Bakaniken ya shigo gareji ya tarar da mahaifinsa kwance a ƙasa. Maƙwabcinsu mai walda ya durƙusa a kansa, yana danna masa ƙirji da hannu biyu. Wani ƙashi ya yi ƙas.

Shekara uku dattijan nan ba sa ga-maciji a kan kwatar da ta raba shagunansu. Ko da safen nan sai da suka ci kwalar juna.

"Sake shi, azzalumi!"

Mai walda bai ko ɗago ba. "Kauce, yaro! Nemo mota!"

Bakaniken ya sungumi babbar sifana ya sauke masa a ƙeya. Ya ƙara. A ta uku mutumin ya kife cikin baƙin mai, jini na bin kunnensa.

A asibiti likita ta fito tana cire safar hannu. "Sai haƙuri, Baba ya cika. Zuciya ce. Ya taɓa kukan ƙirji?"

"Kwana biyu yana cewa ƙirjinsa na riƙewa, ciwon na sauka hannun hagu. Mun ɗauka gajiyar guduma ce." Bakaniken ya matso kusa da ita. "Amma kashe shi aka yi, likita. Har haƙarƙari aka karya masa."

"Guda biyu, na gani. Yakan faru in zuciya ta tsaya ana dannawa don jini ya kai ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi ya san aikinsa. Da ya ci gaba har ku iso, wataƙila da Baba na raye."

Ta dubi jinin da ke rigarsa.

"Me ya sa ya daina?"