Hunhuna a Ɗakin Hamdiya

"Kankare shi duka, Zakiru!" na ce wa magini. Karo na uku ke nan yana kankare hunhuna a bangon ɗakin ɗiyata Hamdiya. Likita ya ce muddin ɗakin na da laima, tarinta ba zai tafi ba.

Mun gyara indararo. Mun shafa farar ƙasa. Har faɗa na yi da maƙwabcina kan magudanar gidansa. Wata huɗu da ɗaukewar damina, amma baƙin tabon ya sake fitowa.

Zakiru ya ajiye cokalin gini, ya zagaya bayan ɗakin. Na bi shi. Ya tsuguna ƙarƙashin taga, ya damƙi ƙasa, ta dunƙule a hannunsa.

"Maigida, wa ke zubar da ruwa a nan kullum?"

Na buɗe baki zan ɗora wa matata laifi, sai idona ya sauka kan butata.

Tun ranar da Hamdiya ta fara mura na maido alwalata nan, sau biyar a yini, don in riƙa jin numfashinta ta taga.